Zariyar Injiniya Laminu

Laminu tela ne, amma in kana so ku ɓata, to kira shi tela. Shi a wajensa injiniya ne wanda rashin gata ya zaunar a kan keken ɗinki. Shagonsa na bakin titin da ya ratsa unguwar Gabukka a Gombe, dab da teburin shayin Joda, kuma tun da ya taso da iyalinsa daga Maiduguri ya sauka a unguwar, ba a taɓa ƙera wani abu a duniya ba wanda bai riga kowa tunaninsa ba. Jirgi marar matuƙi, ya ce shi ya fara zana shi da alli a kan teburin yanka. Fanka mai aiki da hasken rana kuwa, wai wani Bature ne ya ji shi yana maganarta a cikin mota ya riga shi kai wa kamfani. Mutanen unguwa ba su cika musu da shi ba, don ɗinkinsa na da kyau, hirarsa kuma ta fi ta rediyo.

Mutum ɗaya ne ba ya ƙyale shi, wato maƙwabcinsa Malam Timoti, tsohon malamin firamare ɗan Kaltungo, wanda ya yi ritaya da ciwon gwiwa da kuma kaifin baki. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma ta samanta suke yin rabin gardamarsu.

Wata Asabar da hantsi Laminu ya shigo gida neman almakashinsa, ya tarar da matarsa Gumsu da Khairat sun sunkuya a kan faranti. Khairat 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa take zaune tana karatun digiri na biyu a jami'a. A cikin farantin akwai wani ɗan zirin abu baƙi mai sheƙi, kamar ganda da ta sha dahuwa.

"Kawu, almakashinka na wajena," in ji Khairat. "Tsaya ka ga wani abu."

Ta ɗauki zirin ta manna a bayan yatsarta. Wasu siraran wayoyi biyu sun fito daga bakinsa zuwa wani ɗan akwati kamar kwalin ashana. Ta ajiye wayarta a gabansu, ta lanƙwasa yatsar, sai wani koren layi a fuskar wayar ya yi sama. Ta miƙe yatsar, layin ya kwanta. Daga nan ta ɓare zirin, ta sa almakashi ta raba shi biyu, layin ya ɓace. Ta haɗa bakin guntayen ta danne, ta ajiye. Kafin Gumsu ta gama tsince shinkafar da ke gabanta, Khairat ta ɗauki zirin ta ja shi. Ya miƙe kamar danƙo bai rabu ba, ko tabon yankan da ƙyar ake gani, layin kuma ya dawo.

"Ikon Allah," in ji Gumsu.

"Sensa ake ce masa," Khairat ta ce. "In an manna a gwiwar mai ciwo, likita zai riƙa ganin yadda take lanƙwasawa, ya san ko tana samun sauƙi. Irinsu na da, da zarar sun tsage sai yarwa. Wannan kuwa da kansa yake warkewa."

Laminu ya ɗauki zirin ya shinshina, ya ɗaga shi a rana, ya gyaɗa kai kamar wanda ya haɗu da tsohon abokinsa.

"Da me kuka haɗa shi?"

"Abubuwan da yawa, Kawu. Akwai wani abu mai danƙo, kusan kamar ƙaro. Akwai wani baƙin gari dangin gawayi da ke ɗaukar lantarki. Sai kuma..."

"Ya isa. Ƙaro da gawayi."

"Ban gama ba, Kawu."

"Ni na gama."

Da Khairat ta tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma sai ta gaya masa cewa malamarta, Dakta Becky, za ta zo unguwar a ƙarshen wata neman dattawa masu ciwon gwiwa da za su yarda a gwada musu, Mai unguwa ma ya ba da izini. In ba a samu mutane ba, aikinta ba zai kammala bana ba. Ta roƙe shi ya taya ta gaya wa mutanen teburin Joda. Gumsu ta ɗago ta dube ta, amma maganar ta riga ta fita.

Da la'asar kuwa Laminu ya gaya musu.

"Akwai wani ɗan abu da na nuna wa yarinyar nan ta gidana," ya ce, yana juya shayi. "To, ga shi jami'a ta ɗauka. Roba ce mai jin motsin jiki, kuma in ka yanka ta sai ta warke da kanta."

Timoti ya sauke kofinsa. "Kamar jelar ƙadangare?"

"Ƙadangare sabuwa yake fitarwa. Tawa tsohuwar ce ke komawa mazauninta."

"Taka?"

"Tamu. Ni da jami'a."

"To, Injiniya, me ya sa tayar kekenka faci ne a kan faci?"

"Ban kai ga sashen taya ba tukuna. Yanzu ina kan gwiwa."

"Madalla," in ji Timoti. Ya ja ƙafar wandonsa sama ya ɗora ƙafar a kan benci. "Ga gwiwa. Ba sai na jira ƙarshen wata ba, tunda mai abin yana maƙwabtaka da ni."

Joda ya daina fifita gawayinsa. Duk wanda ke teburin ya zuba wa Laminu ido. Da wani ne, da ya ce ai kayan aikin na jami'a. Laminu ya shanye shayinsa ya ce a ba shi 'yan kwanaki.

Ya jira ranar da Gumsu ta tafi barka a unguwar Madaki, Khairat kuma ta tafi makaranta. Ya jawo babbar tukunyar miyar gidan ya ɗora a murhu. Ya zuba ƙaro, ya daka gawayi ya zuba. Da ya ga abin bai yi kauri ba ya ƙara sitacin da yake sa wa shadda. Da ya ga bai yi yauƙi ba ya juye garin kuɓewar Gumsu duka. Ya tuna na Khairat yana sheƙi, ya ƙara suga. A ƙarshe, don abin ya riƙa miƙewa, ya yayyanka tsohon tif ɗin keke ya watsa a ciki, ya sa muciya ya fara tuƙi.

Tif ɗin bai narke ba, ƙonewa ya yi. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, ya haura katanga, ya bi layin. Laminu na tsugune yana tari yana tuƙi, sai ya ji an sheƙo masa ruwa daga sama. Juliana ce, matar Timoti, ta hau turmi ta leƙo da bokiti a hannu.

"Baban Fannami, kana da rai? Ina wutar take?"

"Babu wuta, Maman Danny. Bincike nake yi."

"Binciken ne yake warin gawar taya?"

Kafin ya amsa, an banko ƙofar gidan, maza sun shigo da bokitai da jarkoki, wani har da reshen darbejiya. Suka tarar da shi a jiƙe sharkaf, fuska baƙa ƙirin, yana kare tukunya da jikinsa kada ruwa ya shiga. Ya yi musu godiya, ya ce su lura da wannan rana, don wata rana za su ba jikokinsu labari. Wani ya ce ai tun yau ma za su fara bayarwa.

Gumsu ta dawo da yamma ta tsaya a kan tukunyar ta leƙa ciki.

"Malam, tukunyata ce wannan?"

"Da ita ce. Yanzu ta shiga harkar kimiyya."

"Ina garin kuɓewata?"

"Yana ciki."

"To yau me za a ci da tuwo?"

"Gumsu, ana maganar ci gaban ƙasa."

"Sai ka ɗebo ci gaban ka zuba a kan tuwonka," ta ce, ta shige ɗaki.

Ya juye haɗin a tire, ya shanya a kan katanga. Kazar Juliana ta hau ta taka, ta sauko da baƙin takalmi a ƙafa biyu, ta yini tana tafiya kamar sabon soja. Laminu ya ce wannan alama ce ta cewa abin yana kama jiki yadda ya kamata.

Ranar gwaji teburin Joda ya cika fiye da ranar kallon ƙwallo. Laminu ya yanko ziri mai faɗin tafin hannu, ya ɗumama shi a kan murfin butar shayi, ya naɗa a gwiwar Timoti, ya shafa ya lallaɓa.

"Yaya kake ji?"

"Ɗumi," in ji Timoti. "Gaskiya ba laifi. To a ina zan ga layin da ke hawa da sauka?"

"Wannan na masu koyo ne. Nawa jikinka ne zai gaya maka."

Suka zauna ana hira. Can Laminu ya ce masa ya lanƙwasa ƙafar. Timoti ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Abin ya sandare kamar busasshiyar fata.

"Injiniya, da gwiwata tana lanƙwasawa da ciwo. Yanzu ta daina gaba ɗaya."

"Amma ciwon fa?"

"Ta ina zan sani, tunda ba ta motsi?"

"Ka gani ko? An rabu da ciwon lanƙwasawa."

Timoti zai ba shi amsa, sai ya ji wani abu na tafiya a ƙaurinsa. Tururuwa ce, ta ji labarin suga, ta jero layi tun daga ƙarƙashin benci. Ya ce a cire masa abin nan yanzu. Laminu ya kama baki ɗaya ya ja, Timoti ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba ko a zamanin da yake da aji. Malam Timoti mutum ne mai gashin ƙafa, kuma ƙaro ya riƙe kowane ɗaya da amana. Haka aka tallabe shi zuwa gida, ƙafa ɗaya a miƙe a gaba kamar bindiga. Juliana ta yini da ruwan ɗumi da man gyaɗa tana ɓarewa kaɗan kaɗan, tana aiko wa Laminu saƙo ta saman katanga, da Hausa, in Hausar ta ƙare ta koma yarensu na Tangale. Da aka gama, gwiwar ta fito sumul kamar ɓararren ƙwai.

Labari ya bi unguwa, kuma yana tafe yana girma. A layinsu an ce robar jami'a tana cin gashi. A layi na gaba an ce tana cin fata. Kafin ya kai bakin kasuwa, an riga an yanke wa Malam Timoti ƙafa a asibiti. Dattawan da suka yi wa Khairat alkawari suka fara aiko da uzuri. Wannan ya ce gwiwarsa ta warke, waccan ta ce ɗanta na Bauchi ya hana. Wata tsohuwa da ta hango Khairat tafe sai ta ja zani ta rufe ƙafafunta har idon sawu.

Khairat ta same shi a shago, idanunta sun yi ja.

"Kawu, kowa ya janye. Shekara biyu ina kan aikin nan."

Laminu ya tsayar da keken. Yana son yarinyar nan kamar 'yar cikinsa, kuma abin ya taɓa shi ƙwarai. Ya dafa ƙirji.

"Kwantar da hankalinki. Ni na ɓata, ni zan gyara."

"Don Allah, Kawu, kada ka gyara."

"Ai na gano matsalar. Mutanenmu ba su yarda da layi a waya ba. Sai abin da kunnensu ya ji."

"Kawu, na roƙe ka."

"Je ki yi karatunki."

Ya rufe shago ya shiga aiki. Ya aro hon ɗin babur da ƙaramin batir a wajen wani bakanike. Ya sake dafa haɗin, wannan karon a gwangwani, ya rage sitaci ya ninka ƙaro don kada ya sandare. Ya murza shi dogo kamar igiya, da waya a cikinsa, ya zura shi a ƙugun wani sabon wando a maimakon zariya. Batir da hon ya ɗinka musu aljihu ta ciki. Ya saita bakin wayoyi biyu yadda in cikinsa ya kumbura za su taɓa juna hon ya yi kuka. Sannan ya ɗinka jamfa gajera, iya cinya, don jama'a su samu ganin aikin da kyau.

Ranar taro aka kafa rumfa a harabar makarantar firamaren unguwa. Jama'a sun zo da yawa, amma kallo ya kawo su. Dattawan suka zauna can baya, kowa ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu. Rana kuwa ta buɗe irin buɗewar da take yi a Gombe kafin saukar damina, ko iska ba ta motsi. Mai unguwa Safiyanu ya aiko a fara, yana tafe.

Dakta Becky 'yar gajeriyar mace ce mai tabarau da fara'a. Ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan, Khairat na gefenta riƙe da farantin. Da ta gama ta tambayi wanda zai fara. Can wata tsohuwa ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, ita ce robar da ta cinye ƙafar Malam Timoti?"

"Iya, ga ni nan," in ji Timoti daga layin gaba. "Ga ƙafafuna biyu."

"Ai an ce ta roba aka sa maka."

Dakta Becky ta dubi Khairat, Khairat ta dubi ƙasa. A daidai nan Laminu ya miƙe cikin sabuwar jamfarsa, ya taka zuwa tsakiyar fili. Gumsu da ke cikin mata ta fara jan mayafinta zuwa goshi.

Ya ja dogon numfashi zai yi sallama, sai aka ji ɗiiit. Mutane suka waiga suna neman babur. Ya sake jan numfashi, ɗiiit.

"Ba babur ba ne," ya ce. "Numfashina ne kuke ji."

Wani gunaguni ya ratsa rumfar. Har dattawan baya suka miƙa wuya. Ya kumbura ciki, hon ya amsa. Ya shafe ciki, hon ya yi shiru. Wasu suka fara tafi. Da Laminu ya koma kujerarsa a lokacin, da ya ci nasarar da bai taɓa ci ba tun zuwansa Gombe. Amma tafin ya shiga kansa. Ya ɗaga gaban jamfar ya nuna baƙar zariyar, ya zaro almakashi daga aljihu ya miƙa wa Timoti.

"Malam Timoti, kai ne shugaban masu shakka. Zo ka yanka da hannunka."

Timoti ya taso yana ɗingishi. Ya sassauta murya. "Injiniya, ka yi tunani. Akwai mata a wajen nan."

"Yanka."

"Akwai wata zariyar ta ciki?"

"Mai ilimi ba ya ɗaura biyu."

"Jama'a, kun dai ji, shi ya ce," in ji Timoti. Ya sa almakashi ya datse, kuma duk wanda ya ga fuskarsa ya san bai yi baƙin ciki ba.

Laminu ya cafe bakin zariyar biyu, ya haɗa ya danne kamar yadda ya ga Khairat ta yi. Hon ya ɗauki kuka bai tsaya ba, don dannewar ta haɗa wayoyin da ke ciki. Ya sassauta, hon ya yi shiru, wando ya fara sulalewa. Ya matse, ɗiiit. Ya saki, wando ya yi ƙasa. Ya tsaya a tsakani, yana neman wurin da babu ƙara kuma babu tsiraici, ya rasa.

"Yanzu sai a ɗan jira," ya ce da murmushi. "Yana warkewa."

Aka jira. Gumi ya fara bin gemunsa.

"Baba," in ji Dakta Becky, "me da me ka sa a ciki?"

"Ƙaro, Dakta." Ɗiiit. "Da gawayi, da kuɓewa." Ɗiiit. "Da tif."

Dakta ta cire tabarau ta shiga goge shi da bakin gyale, ta daɗe tana gogewa, kafaɗunta na rawa.

"Ya warke?" Joda ya tambaya daga baya.

"Bai nuna ba tukuna."

"Ko a ƙara masa wuta?"

Ana cikin haka Mai unguwa Safiyanu ya iso. Dattijo ne mai son gaisawa, ba ya wuce kowa. Ya bi layin gaba yana musabaha ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan Laminu, wanda ke tsaye a tsakiyar fili hannu biyu a ƙugu. Ya miƙa masa hannu.

Laminu ya rusuna. "Ranka ya daɗe." Ɗiiit.

Mai unguwa ya ja da baya kaɗan, ya duba bayan Laminu, bai ga komai ba. Hannunsa na nan a miƙe.

"Laminu, mun yi faɗa ne?"

"Wane ni, ranka ya daɗe. Ina cikin gwaji ne."

"Gwajin ya hana gaisuwa?"

Duk surutun Laminu, mutum ne mai ladabi, ba zai bar hannun babba a iska a gaban jama'a ba. Ya yanke shawarar riƙe komai da hagu ya ba da dama. Ya ja hannun dama, ya ƙi tahowa. Zafin rana da gumi sun narkar da ƙaron, yatsunsa sun manne da ƙugun wando. Ya ciji leɓe ya fizga da ƙarfi. Hannun ya taho, yana jan wani dogon baƙin yauƙi a bayansa, kuma kafin kowa ya ce wani abu Mai unguwa ya cafe shi da hannu biyu yana girgizawa.

"Yauwa, ko kai fa. Ina gajiya?"

Ya zo sakin hannu, hannu ya ƙi sakuwa. Ya ja, Laminu ya biyo shi. Laminu ya ja, Mai unguwa ya biyo shi. Ɓangaren dama na wandon, da ya ga babu mai riƙe da shi, ya kama hanyar gwiwa. Batir ya ɓalle daga aljihunsa ya zurara ta ƙafar wandon ya faɗo ƙasa, wayoyi suka cukurkuɗe, hon ya kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Haka suka yi ta zagaye a tsakiyar fili, Mai unguwa na salati, Laminu na riƙe da rabin wando da hannun hagu yana jan batir a ƙasa yana cewa, "Kada a tsorata, duk cikin tsarin ne."

Khairat ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta fizge ƙyallen da aka shimfiɗa a teburin baƙi, ta ruga ta ɗaura wa kawunta a ƙugu kamar zani. Timoti ya sunkuya da almakashin ya datse wayar batir. Hon ya mutu.

Tsohuwar nan mai tambaya ita ta fara dariya, sai rumfar gaba ɗaya ta ɗauka. Joda ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa. Juliana ta rungume Gumsu, wadda ta lulluɓe har fuska amma mayafin na girgiza. Dakta Becky ta haƙura da tabarau ta kifa kai a tebur.

Da dariyar ta lafa Dakta ta miƙe tana share ido.

"Jama'a, kun ga na Baba. Namu ba shi ba ne. Ko mutum ɗaya ya zo ya gani."

Ba wanda ya motsa, sai Timoti. Ya ja kujera ya zauna a gaban teburin, ya naɗe ƙafar wando.

"Zo, 'yata. Gwiwar nan babu sauran abin da za ta rasa."

Khairat ta manna masa zirin. Ya lanƙwasa ƙafar, ta lanƙwasu. Layin ya hau, ya sauka. Ta zagaya da wayar har layin baya, dattawan suna leƙawa. Ta ɓare zirin a hankali, Timoti ya runtse ido yana jiran azaba, sai ya ji an ce an gama. Ta ba tsohuwar nan almakashi ta yanka da kanta, ta haɗa ta danne da kanta, ta riƙe a tafin hannunta tana harararsa. Da aka ce ta ja, ta ja ya miƙe bai rabu ba, sai ta tattare zaninta zuwa gwiwa ta ce a fara da ta hagu, ita ta fi damunta. Kafin azahar layi ya kai bakin rumfar, har da waɗanda suka ce sun warke.

Laminu bai ga yawancin wannan ba. An zaunar da shi a benci a inuwar wani aji, kafaɗa da kafaɗa da Mai unguwa, hannayensu a cikin roba ɗaya ta ruwan ɗumi, Juliana na tsaye a kansu tana tsiyaya man gyaɗa. Ƙyallen tebur na ɗaure a ƙugunsa, da zanen furanni ja da ɗorawa. Ya hango Khairat can nesa tana dariya da tsofaffi, ya gyaɗa kai.

"Ka ga yadda na tara mata jama'a, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya gwada motsa babban yatsansa, na Laminu ya motsa tare da shi.

"Laminu, ka ce abin nan haɗewa yake yi da kansa."

"Ai ya haɗe. Ga shi kana gani."

"Ni da kai ka yi niyyar haɗawa?"

"Haɗewa dai an samu, ranka ya daɗe, kuma ita ce mai wuyar. Abin da ya rage kawai in koya masa abin da zai riƙa haɗawa."

Mai unguwa ya dube shi, ya dubi hannayensu a cikin robar. Sannan ya ce wa Juliana ta ƙara mai.

"In ka sa ranar koya masa," ya ce, "ka aiko a gaya mini tun da wuri. Ina da 'yan'uwa a Dukku da na daɗe ban ziyarta ba."